Daga sulalla zuwa wayar hannu: Yadda biyan kuɗin wanki ke sauyawa daga Amurka zuwa Ƙauran Namoda

Yammacin Alhamis ne lokacin da mai wanki da guga ya fi ganin jama'a a bakin shagonsa, domin kowa na son kayan da zai sa zuwa masallacin Juma'a su kwana a gida. A da, idan mutum ya zo karɓar kaya, hannu yake sawa a aljihu ya ƙirgo kuɗi ya miƙa. Yau a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran garuruwan Arewa, sau da yawa waya yake zarowa ya ce a karanto masa lambar asusu. Wasu masu shaguna ma sun hutar da bakinsu, sun rubuta lambar da sunan banki a jikin bango ko a kan kwali.

Wannan sauyi ya shafi sana'ar wanki a faɗin duniya. A ƙasashen da aka saba da shagunan da mutum ke shiga ya wanke kayansa da kansa a cikin inji, ana ta cire akwatunan zuba sulalla ana maye gurbinsu da na'urorin karɓar kati da manhajojin waya. A nan gida kuma, mai wankin da ke aiki da baho da dutsen guga na gawayi ya tsinci kansa cikin tsarin biyan kuɗi irin wannan, ba tare da ya mallaki inji ko ɗaya ba.

Abin tambaya shi ne: yaya tsarin yake aiki, nawa yake ci a kan kowane ciniki, kuma wa yake ɗaukar asara idan an samu matsala?

Asalin shagon da mutum ke wanke kayansa da kansa

An fi danganta shagon farko irin wannan da birnin Fort Worth na jihar Texas a Amurka, inda aka buɗe shi a shekarar 1934. A lokacin injin wanki ya fi ƙarfin aljihun talaka, sai aka tara injuna a ɗaki guda ana ba mutane haya na ɗan lokaci. A Ingila kuwa, an buɗe na farko a titin Queensway da ke Landan a shekarar 1949.

Abin da ya sa sana'ar ta bunƙasa shi ne injin da ke karɓar kuɗi da kansa. Mutum zai zuba tufafinsa da sabulu, ya jefa sulalla a wata 'yar kafa, injin ya tashi. Idan ya gama, sai ya mayar da kayan cikin injin busarwa, ya sake jefa wasu sulallan. Mai shago ba ya buƙatar ma'aikacin da zai zauna karɓar kuɗi, sai dai ya zo lokaci zuwa lokaci ya buɗe akwatunan ya kwashe abin da ya taru. A Amurka, sulen da ake kira kwata, wato santi 25, shi ne ya zama jinin wannan kasuwanci na tsawon shekaru.

Sulalla na da nasu wahalhalun. Ɓarayi na fasa akwati, kafar zuba kuɗi na toshewa, ƙirga su da kai su banki aiki ne mai cin lokaci. Haka kuma ba a iya ƙara farashi da ɗan kaɗan, sai dai a ƙara cikakken sule guda. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, zirga-zirgar sulalla ta yi rauni a Amurka har Babban Bankin ƙasar ya kafa kwamiti na musamman a kan lamarin. Masu shagunan wanki na cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, kuma da yawa daga cikinsu suka hanzarta komawa ga kati da waya.

Yadda inji ke karɓar kuɗi ba tare da tsaba ba

Hanyoyi uku aka fi amfani da su a irin waɗannan shaguna.

Ta farko ita ce katin shago. Mai wanki zai sayi kati daga wata na'ura da ke cikin shagon, ya zuba masa kuɗi, sannan duk injin da ya ɗora katin a kai zai cire farashin wanki daga abin da ke ciki. Amfaninsa ga mai shago shi ne kuɗi na shigo masa tun kafin a yi aiki. Haɗarinsa ga mai wanki kuma shi ne ragowar kuɗin da ke cikin katin ba ya amfani a wani wuri, kuma idan shagon ya rufe, da wuya a dawo da shi.

Ta biyu ita ce katin banki. Ana manna 'yar na'ura a jikin injin, mutum ya zura katinsa ko ya kusanta shi. Na'urar za ta tuntuɓi banki ta intanet, idan banki ya amince, sai ta aika wa ƙwaƙwalwar injin umarnin tashi, daidai da yadda faɗawar sule ke yi a da.

Ta uku ita ce lalitar waya, wato asusun da ke cikin manhajar wayar hannu. Kowane inji na da lamba ko tambarin QR a jikinsa. Mutum zai haska tambarin da kyamarar wayarsa, manhaja ta nuna masa farashi, ya amince, injin ya fara aiki. Wasu manhajojin har sanar da mutum suke yi idan wankinsa ya kusa ƙarewa.

Abu guda ya haɗa hanyoyin biyu na ƙarshe: dole a samu wuta, dole a samu sabis. Idan ɗaya ya yanke, inji na nan lafiya ƙalau, ruwa na nan, amma ba zai motsa ba.

Me ya sa Najeriya ta tsallake zamanin sulalla?

Injin da ke karɓar sulalla bai taɓa samun gindin zama a Najeriya ba, kuma dalilin a fili yake. Sulallan da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a watan Fabrairun 2007 su ne na kwabo 50 da naira 1 da naira 2. Yau ko ashana guda ba za su saya ba. Wanda zai biya kuɗin wankin kaya kala biyar da su sai ya zo da buhu. Takardun kuɗinmu kuwa, yadda suke shan wahala a hannu da aljihu da lalita, na'urar tantance takarda za ta riƙa tofar da mafi yawansu.

Saboda haka, shagunan wanki na zamani da ake gani a Legas da Abuja sun dogara ne da ma'aikacin da ke zaune da na'urar POS, ko kuma da tura kuɗi ta waya. Duk wanda zai kafa irin wannan shago a Gusau ko Ƙauran Namoda, ita ce hanyar da ke gabansa.

An daɗe ana share fagen hakan. CBN ya fara tsarin taƙaita amfani da tsabar kuɗi a Legas a watan Janairun 2012, ya faɗaɗa shi zuwa Kano da Abuja da wasu jihohi huɗu a watan Yulin 2013. A watan Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da lambar tantance masu asusun banki, BVN. A watan Maris na 2021 hukumar NIBSS, wadda ke haɗa bankuna wajen musayar kuɗi, ta fito da tsarin biya ta tambarin QR mai suna NQR, sannan a ranar 25 ga Oktoban wannan shekarar aka ƙaddamar da eNaira. A watan Yunin 2023 kuma CBN ya fitar da ƙa'idar biya ta hanyar kusanta kati ko waya ga na'ura ba tare da danna lambar sirri ba, ya iyakance shi a naira 15,000 kan kowane ciniki da naira 50,000 a yini.

Duk da waɗannan matakai, mai wanki a garin Katuru ko Zurmi bai ga dalilin buɗe asusu ba, tunda abokan cinikinsa da kuɗi a hannu suke zuwa. Abin da ya tilasta masa ya zo ne a farkon shekarar 2023.

Watannin da naira ta ɓuya

A ranar 26 ga Oktoban 2022, gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasar, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. Cikin dalilan da aka bayar har da rage biyan kuɗin fansa ga masu garkuwa da mutane, batun da ya shafi Zamfara kai-tsaye.

Sababbin takardun sun fara fita a ranar 15 ga Disamba, aka sa 31 ga Janairun 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin sun koma banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Layuka suka cika bakin bankuna, masu POS suka tsawwala caji, har a wasu wurare mutum na biyan naira 2,000 ko fiye kafin ya karɓi naira 10,000 daga cikin kuɗinsa.

Zamfara na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai Gwamnatin Tarayya ƙara a Kotun Ƙoli. A ranar 3 ga Maris na 2023 kotun ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, sannan a ranar 29 ga Nuwamba ta ɗage wa'adin ba tare da sa wata rana ba.

Kafin a kai ga haka, masu ƙananan sana'o'i sun riga sun ɗauki darasi. Mai wanki ya ga ma'aikaci na da albashi a asusu amma ba shi da ko naira ɗari a aljihu. Ko dai ya karɓi tiransifa, ko ya ba da bashi, ko ya riƙe kayan mutum. A wannan lokaci ne manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga lungu da saƙo, domin buɗe asusu a cikinsu ba ya buƙatar zuwa reshen banki, kuma lambar asusun sau da yawa ita ce lambar wayar mutum idan an cire sifirin farko. Ga mazaunin ƙauyen da sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga banki, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Najeriya ba ita ta fara bin wannan hanya ba. A Kenya, kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa tun watan Maris na 2007, kuma a can an daɗe ana biyan mai kayan miya da mai babur ta waya.

Nawa ake cira, kuma daga aljihun wa?

Jadawalin caji da CBN ya fitar, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2020, ya raba tura kuɗi tsakanin bankuna gida uku: naira 10 idan kuɗin bai wuce naira 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa naira 50,000, sai naira 50 ga abin da ya haura haka. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan cajin. Wasu manhajojin kan yafe wannan caji a kan 'yan cinikayya na farko a kowace rana domin jawo abokan hulɗa.

Akwai kuma harajin naira 50 na Gwamnatin Tarayya a kan duk kuɗin da aka tura da ya kai naira 10,000 zuwa sama. Daga ranar 1 ga Disambar 2024 manhajojin waya ma suka fara cire shi, bayan a da bankuna ne kawai ke yi. Wanda ba shi da babbar waya, yake amfani da lambobin da ake dannawa da tauraro a gaba, yana biyan naira 6.98 a kowane amfani.

Idan aka duba, kuɗin wankin kaya kala biyu ko uku bai cika kaiwa naira 10,000 ba, don haka cajin da ke kansa kaɗan ne. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da mai wanki zai mayar da abin da ke cikin wayarsa tsaba. Ɗan garuwan da ke kawo masa ruwa, da mai gawayi, da yaran da ke taya shi cuɗa da shanya, yawancinsu kuɗi a hannu suke so. Dole ya je wurin mai POS, wanda shi ma sai ya ɗauki ladansa. A misali, idan mai POS na karɓar naira 100 a kan kowace naira 5,000, mai wankin da ya cire naira 10,000 kullum ya ba da naira 200, wato naira 6,000 a wata. A sana'ar da ribarta ke tattare a cikin 'yan ɗaruruwa, wannan kuɗin buhun gawayi ne ko na omo da sitaci na kwanaki.

Wannan ne ya sa wasu masu sana'a ke cewa wanda zai yi tiransifa ya ɗora wani abu a kai. Mai kaya na ganin an zalunce shi, mai wanki na ganin ladan POS kawai yake nema. Maganin rikicin shi ne a faɗi farashi tun lokacin ajiye kaya, kuma mai wanki ya nemi masu sayar masa da sabulu da gawayi da za su karɓi tiransifa, yadda kuɗin zai zagaya ba tare da ya fita daga waya ba.

Akwai kuma batun matakin asusu. Lalitar waya ta matakin farko na da iyakar naira 50,000 a yini, kuma ba ta riƙe fiye da naira 300,000. Mataki na biyu ya kai naira 200,000 a yini da ajiyar naira 500,000. Mai wankin da aiki ke yi wa yawa a makon Sallah zai iya cin karo da wannan iyaka ana tsakiyar ciniki. Tun watan Disambar 2023 CBN ya wajabta haɗa ko da asusun matakin farko da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN, don haka gara mutum ya kammala takardunsa ya ɗaga matakin asusunsa kafin lokacin cunkoso.

Darasin watan Satumbar 2021

Babu jihar da ta san illar dogaro da sabis kamar Zamfara. A ranar 3 ga Satumbar 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin bai wa jami'an tsaro damar yaƙi da 'yan bindiga. An ce na mako biyu ne da farko. An dawo da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomin kuwa sai a ƙarshen Nuwamba. A daidai wannan lokaci kasuwannin mako-mako ma a rufe suke.

Kusan wata uku ke nan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ba kira, ba saƙo, ba POS. Wanda kuɗinsa ke cikin waya ya zama tamkar wanda ba shi da ko sisi, sai ya yi tafiya zuwa inda sabis yake. Da akwai shagon wankin da injunansa ba sa tashi sai da amincewar intanet, da ya shafe waɗannan watanni a kulle.

A ɗaya ɓangaren, matsalar tsaron ce ta sa tura kuɗi ta waya ya zama rahama. Ɗan kasuwar da ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ko ta Zurmi ya fi samun natsuwa idan ba ya ɗauke da damin kuɗi, haka ma mai shagon da ba ya kwana da cinikin yini a ƙarƙashin matashi. Hanyoyin biyu kowace na da ranarta, kuma mai hankali ba ya sakin ɗaya gaba ɗaya.

Alat na bogi da sauran tarkuna

Asarar da ta fi yawa a wannan harka tana zuwa ne ta hanyar alat na bogi. Mutum zai karɓi kayansa, ya nuna wa mai shago hoton rasit a fuskar wayarsa, ko kuma a turo saƙon tes mai kama da na banki. Mai wanki, hannunsa da kumfa, ga wasu na jira, sai ya gyaɗa kai ya ce a sauka lafiya. Sai dare ya yi ya duba asusu ya ga wayam.

Hoton rasit ba hujja ba ce, saƙon tes ma ba hujja ba ne. Abin dogaro shi ne mutum ya buɗe manhajarsa ya ga kuɗin sun shiga, jimillar ajiyarsa ta ƙaru. Na'urorin POS da ke nuna shigowar tiransifa a fuskarsu sun rage wannan matsala sosai ga masu shaguna.

Wani lokacin kuma ba wanda ya yi ƙarya. An cire kuɗi daga asusun mai kaya, amma ba su isa ga mai wanki ba saboda tangarɗar sabis. Umarnin da CBN ya bayar a watan Yunin 2020 ya ce a warware rikicin cinikin POS da bai kammala ba cikin awa 72. Wanda aka cire wa kuɗi ya fara kai ƙorafi bankinsa, ya karɓi lambar ƙorafin, idan mako biyu ya wuce ba a share masa hawaye ba, yana da damar kai maganar sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN.

Shin kuɗin da ke cikin waya na da kariya idan kamfani ya durƙushe? A watan Mayun 2024, hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ɗaga adadin da take lamunce wa kowane mai ajiya zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da lalitocin kamfanonin tura kuɗi ta waya, da naira miliyan 2 a ƙananan bankuna. Wannan kariya ta shafi kamfanonin da ke da lasisin CBN ne kawai. Ba ta shafi kuɗin da mutum ya tura wa ɗan damfara da hannunsa ba, ko wanda aka kwashe bayan ya karanta wa wani lambar sirrinsa a waya.

Shin inji zai kori mai wanki da guga?

Shagon da mutum ke wanke kayansa da kansa yana tsayuwa ne a kan ƙafa uku: wuta, ruwa da jama'ar da ba su da wurin wanki a gida. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Zamfara, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi, kuma mazauna arewacin jihar sun san yadda take zuwa. Janareta ya ƙara tsada tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Wanda zai yi wannan sana'a da gaske sai ya haɗa da rijiyar burtsatse da faifan sola masu yawa, jarin da ya wuce kuɗin injunan kansu. Abu guda da yanayinmu ya sauƙaƙa shi ne busarwa, domin rana ta wadata mafi yawan shekara.

Inda ake iya samun kasuwa shi ne kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, wurin da ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima ke zaune a ɗakunan haya, kuma kusan kowannensu na da lalita a wayarsa. Otal-otal da asibitoci ma na da zannuwan gado da labule da suka fi dacewa da inji.

Amma tufafin ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati daban suke. Babbar riga mai aiki, da shadda mai maiƙo, da hula, kowanne na da irin hannun da yake buƙata. Inji ba ya sa sitaci daidai yadda mai kaya ke so, ba ya karya guga, ba ya ɗora hula a kan abin da zai fito da tsayuwarta. Mai wankin unguwa ya san wanda ke son bula a farin kayansa, ya san muhimmancin ɗauraye kayan sallah da ruwa mai tsarki.

Sai kuma bashi, wanda shi ne babban bambanci. Inji ba ya tashi sai an biya. Mai wanki kuwa yana rubuta wa malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma a littafi har wata ya ƙare, idan albashi ya makara ya ƙara haƙuri. Tiransifa ta ɗan gyara wannan alaƙa, domin mai kaya na iya biya daga ofis ko daga Gusau da zarar albashi ya shigo, kuma tarihin cinikin na nan a waya idan gardama ta taso kan an biya ko ba a biya ba. Wannan tarihi na iya zama shaida ga mai sana'a ranar da zai nemi jari, tunda yana nuna abin da ke shigo masa a wata.

Sai dai ba kowa tsarin ya ɗauko ba. Binciken da cibiyar EFInA ta fitar na shekarar 2023 ya nuna kashi 26 cikin 100 na manya a Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, kuma shiyyar Arewa maso Yamma ce ta fi yawan irinsu. Cikinsu akwai matan da ke wankau a cikin gidaje, waɗanda sau da yawa lambar asusun miji ko ɗa ake bayarwa a tura musu haƙƙinsu, kuɗin kuma ba lallai su iso hannunsu cikakku ba.

Abubuwan kiyayewa

Ga mai wanki: ya buɗe asusu da sunansa na gaskiya, ya ware shi don sana'a kawai, ya rubuta lambar da sunan a inda kowa zai gani. Kada ya saki kaya sai ya ga kuɗi a cikin manhajarsa. Kada ya bar lambar sirri a hannun yaran shago, kuma ya sa wa wayar da layinsa makulli, domin wanda ya sace waya marar makulli ya sace asusu. Ya riƙa ajiye tsabar da za ta ishe shi ruwa da gawayi na kwana biyu ko uku, ya kuma ci gaba da riƙe littafinsa na takarda.

Ga mai kaya: ya karanta sunan da ya fito kafin ya danna tura, domin dawo da kuɗin da suka tafi asusun wani daban na ɗaukar lokaci, wani sa'in har sai an je kotu. Ya rubuta dalilin biya a wurin da aka tanada, ya adana rasit. Idan mace ce ta yi masa wankin, ya tambaye ta ko asusun da aka ba shi nata ne, ko kuwa ta fi son a ba ta a hannu.

Ga mai niyyar zuba jari a shagon injuna: ya tabbata kowane inji na da hanyar tayar da shi da hannu idan sabis ya ɗauke, ya haɗa layukan kamfanoni biyu a na'urarsa, ya yi wa sana'ar rajista da hukumar CAC kamar yadda aka buƙaci masu amfani da POS su yi tun 2024, sannan ya bar ƙofa a buɗe ga wanda ya zo da kuɗi a hannu.